Yadda Za Ka Saurari Pink Floyd Har Kiɗansu Ya Shige Ka

Mafi yawan waɗanda na ji suna cewa sun gwada Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, ba su ji wani abin a-zo-a-gani ba, tun daga ƙofar shiga suka ɓata. Mutum zai tsinci waƙa ɗaya a YouTube, ya kunna ta a lasifikar waya yana cikin hayaniya, minti biyu su wuce ba a buɗe baki ba, sai ya danna ya wuce. Ba laifinsa ba ne. Kunnenmu ya saba da mawaƙin da ke kawo magana tun da farko, 'yan amshi su karɓa, zance ya yi ta zuba. Waɗannan mutanen kuwa faifai guda suke ginawa tun daga farkonsa har ƙarshensa a matsayin abu ɗaya, kuma wanda ya gutsuri tsakiya bai ɗanɗana komai ba. A kan wannan duk jagorar ta tsaya: faifai sukutum, a zama ɗaya.

Ka fara sanin su wane ne

A Landan aka kafa ƙungiyar a 1965. Roger Waters mai jitar bas, da Nick Mason mai ganga, da Richard Wright mai biyano, sun haɗu ne suna karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Regent Street. Na huɗunsu, Syd Barrett, ɗan Kambrij, shi ne jagora kuma marubucin waƙoƙin farko, shi ya raɗa musu suna ta hanyar haɗa sunayen wasu baƙaƙen fata biyu na Amurka, mawaƙan salon kiɗan da ake kira blues, Pink Anderson da Floyd Council. Faifansu na farko ya fito a 1967. Kafin shekara ta zagayo hankalin Syd ya fara taɓuwa, ga kuma ƙwayar LSD da ya yi ta sha. Aka kawo abokinsa na ƙuruciya, David Gilmour, don ya tallafa da jita, kuma a watan Afrilun 1968 aka sanar cewa Syd ya bar ƙungiyar.

Riƙe labarin Syd da kyau, domin inuwarsa na kan kusan duk abin da suka yi bayan haka. Riƙe wani kuma: mahaifin Waters soja ne, an kashe shi a Anzio ta ƙasar Italiya a watan Fabrairun 1944, lokacin yaron yana da wata biyar a duniya. Aboki da ya zauce, da uba da yaƙi ya ci. Da waɗannan biyun a hannunka, rabin baitocinsu sun riga sun buɗe.

Shirya wurin zama da abin ji

Nemi abin sa wa a kunne mai ɓari biyu, kuma ka tabbata duka ɓangarorin suna aiki. Wannan ba ƙawa ba ce. Sun tsara sautinsu ne yadda takun ƙafa zai taso daga kunnen hagu ya wuce dama, murya ta yi raɗa a gefe guda jita na amsawa a ɗaya gefen. Da kunne ɗaya rabin aikin ya tafi. Sauke faifan a waya tun da rana idan da hali, saboda talla da ta faɗo a tsakiyar waƙa tana tsinke zaren gaba ɗaya, kuma waƙoƙin nan ɗaya na narkewa cikin ɗaya ba tare da tsayawa ba. Kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi. Zaɓi lokacin da gari ya yi tsit, janareton maƙwabta ya huta, ka kife wayar.

Za ka ji wasu na cewa sai an sha wani abu ake gane wannan kiɗa. Ƙarya ce, kuma mai ciwo, idan ka tuna abin da ya sami Syd. Natsuwa kaɗai ake bukata.

Faifan da za ka fara da shi

The Dark Side of the Moon, na watan Maris 1973. Waƙoƙi goma ne, kusan minti 43. Sun shafe fiye da shekara suna kaɗa shi a gaban jama'a kafin ya fito, shi ya sa ba ka jin wani wuri da ya yi sako-sako. A situdiyon Abbey Road aka ɗauke shi, injiniyan sauti Alan Parsons, baitocin duka na Waters ne.

A ji na farko kada ka buɗe rubutun baitoci. Kada ma ka damu da Turancin. Abin da za ka bi shi ne sauti. Faifan yana buɗewa da bugun zuciya, can ƙasa-ƙasa, har za ka ɗauka wayar ce ba ta fara ba. Kada ka ƙara murya da yawa a nan, don akwai abin da ke jiran ka a gaba. Bayan wata waƙa mai laushi, sai wani sauti na na'ura mai gudu ya shigo, da takun mutum yana haki, da sanarwar filin jirgi, ya ƙare da ƙarar faɗuwa. Shiru ya ɗan biyo baya. Sai agogo iri-iri su ɓarke da ƙara a lokaci guda. Parsons ne ya je shagon tsofaffin agogo ya ɗauko sautinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko ka san suna zuwa sai gabanka ya faɗi, kuma da gangan aka yi haka: waƙar da ke biye, "Time", a kan mutumin da ya farka a makare take.

Daga nan sai wurin da nake ganin babu kamarsa a faifan. Wright ya kafa biyano a hankali, wani dattijo ya yi magana cewa shi ba ya tsoron mutuwa, sai wata mace ta ɗaga murya. Ba kalma ko ɗaya a bakinta. Ihu ne, kuka ne, roƙo ne, daga baya ya sauko ya zama kamar rarrashi. Sunanta Clare Torry. An kira ta situdiyo, aka ce ta rera abin da ya zo mata, aka biya ta fam 30 ta tafi gida. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta a matsayin wadda ta yi tarayya wajen ƙirƙirar waƙar, kuma haƙƙinta ne. Wannan waƙa, "The Great Gig in the Sky", ita ce hujjata ga duk wanda ya ce rashin jin Turanci ne ya hana shi: a nan Bature da Bahaushe kunnensu ɗaya.

Dattijon da ya yi maganar mutuwa kuwa mai gadin ƙofar situdiyon ne, Gerry O'Driscoll, ɗan Ayalan. Waters ya rubuta tambayoyi a kan katuna, a kan hauka da faɗa da mutuwa, aka riƙa shigo da ma'aikata da duk wanda ke kusa suna amsawa a gaban makirufo. Har Paul McCartney, shahararren mawaƙin ƙungiyar Beatles, an yi wa tambayoyin, amma ba a yi amfani da amsarsa ba. Galibi muryoyin talakawan da ke aiki a wurin ne suka shiga faifan. Mai gadin nan ne kuma ke da maganar ƙarshe, can bayan kiɗa ya ɗauke, bugun zuciya ya dawo.

Ji na biyu: rarrabe hannaye

Bari kwana ɗaya ko biyu su wuce. Da ka dawo, zaɓi mutum guda ka bi shi shi kaɗai.

Gilmour ya fi sauƙin kamawa. Ba mai gaggawa ba ne. Yakan danne tsirkiya ya tura ta sama har sautin ya lanƙwashe, ya riƙe shi yana rawa kafin ya sake. Abin da wani zai faɗa da sauti hamsin, shi da biyar yake faɗa. Wright kuma ba ya neman a gan shi, amma toshe kunnenka daga jita ka saurari abin da ke shimfiɗe a ƙasa, za ka tarar shi ne ke riƙe da yanayin waƙar, da wasu haɗe-haɗen sauti da ya ɗauko daga jaz. Mason yana barin fili tsakanin bugu da bugu.

Ga wani ɗan gwaji da "Money". Bayan ƙarar akwatin kuɗi da sulalla, jitar bas za ta shigo tana maimaita abu guda. Ƙirga da yatsa a kan gwiwarka. Yawancin waƙoƙin Turawa huɗu-huɗu suke tafiya, wannan kuwa sai ka kai bakwai kafin ta zagayo. Shi ya sa take da ɗan ɗingishi mai daɗi. Dick Parry ya busa saksofon ɗinsa a kan wannan bakwai ɗin, amma da jitar Gilmour ta karɓa sai lissafin ya koma huɗu, waƙar ta miƙe da gudu. Ranar da ka kama wannan sauyin da kunnenka, ka fara jin kiɗan daga ciki.

Ji na uku: baitoci

Yanzu buɗe rubutun a gabanka. Abin farin ciki, Turancin Waters a wannan faifan mai sauƙi ne, da gangan ya guji ƙaƙale. Wanda ya gama sakandare zai fahimci mafi yawansa, ƙamus ya cike sauran. Shawarata ita ce ka karanta baitocin waƙa ɗaya ba tare da kiɗa ba, ka faɗa wa kanka da Hausa abin da ake nufi a jimla biyu, sannan ka kunna. Ka guji fassarar na'ura a matsayin madogara, tana kawo kalmomi ta bar nufi a baya.

Tambayar da za ka riƙa yi kullum ita ce: wa ke magana a nan? Sau da yawa ba mawaƙin ba ne. A "Money", mai maganar wani maƙetacin attajiri ne da ke alfahari da motarsa da tafiyarsa a kujerar manya, yana yarda cewa a raba dukiya daidai muddin ba a taɓa rabonsa ba. Gatse ne tsantsa. Wanda ya ɗauke ta waƙar yabon kuɗi ya juya ta baibai.

"Time" kuwa kai tsaye take. Saurayi yana kashe ranakunsa a unguwa, yana jiran wani ya zo ya nuna masa hanya, yana ganin rayuwa doguwa ce. Wata rana ya waiga, shekara goma sun shuɗe, an buga tseren tuntuni bai ji ba. Ya tashi yana bin rana da gudu, ita kuwa tana faɗuwa ta sake ɓullo masa ta baya, shi ne ke tsufa. Waters bai kai talatin ba lokacin da ya rubuta wannan. Akwai wani baiti a ciki da ya ce jurewa cikin ƙunci ba tare da an furta ba ita ce ɗabi'ar Ingilishi, kuma wannan yana nuna maka mutanen da waƙar ta fito daga cikinsu: 'ya'yan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka tarbiyyantar a kan haɗiye damuwa.

A "Us and Them" za ka ga janar yana zaune yana matsar da layuka a kan taswira, sahun gaba na mutuwa. Sai waƙar ta bar fagen yaƙi ta dawo titi, inda wani tsoho ya mutu don rashin kuɗin shayi da yankan burodi, mai wucewa yana cewa a ba shi hanya yana da uzuri. Lura da yadda aka rera wannan baƙin labari da murya mai sanyi kamar ana lallashin yaro. Wannan saɓani tsakanin daɗin sauti da ɗacin magana yana cikin manyan dabarunsu.

Faifan ya yi mako 741 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka tsakanin 1973 da 1988. Kuɗi ya shigo musu kamar ba gobe, kuma abin da kuɗin ya yi musu shi ne maganar faifai na gaba.

Wish You Were Here, 1975

Wannan ne na fi so, kuma nan ne haƙurinka zai yi aiki. Waƙar farko, "Shine On You Crazy Diamond", tana wuce minti takwas kafin a ji muryar mutum. An raba ta biyu, rabi ya buɗe faifan rabi ya rufe shi, jimlarta kusan minti 26. Wajen minti na huɗu jita za ta buga sauti huɗu kacal, ta yi shiru, ta sake bugawa. Wanda ya san yadda kalangu ke kaɗa taken mutum, a gane wa ake kira ba tare da an ambaci suna ba, ya san abin da ke faruwa a nan. Syd ake kira.

A watan Yunin 1975, suna cikin aikin wannan waƙar a Abbey Road, wani mutum mai ƙiba ya shigo, kansa a aske, har girarsa a aske. Sun daɗe suna kallon sa ba su gane shi ba. Syd ne. An ce Waters ya yi kuka da ya gane. Saurari waƙar da wannan a ranka, sannan ka kula da ƙarshen rabi na biyu, inda Wright ya saƙa ɗan guntun amon wata tsohuwar waƙar Syd kafin sautin ya dushe.

Waƙoƙi biyu na tsakiya zambo ne ga masu kamfanonin faifai. A ɗaya daga ciki, wani babban ɗan kasuwa yana zuba musu daɗin baki, yana rantsuwa yana ƙaunar kiɗansu, sai ya tambaya wane ne Pink a cikinsu. Bai ma san sunan ƙungiya ba ne. Roy Harper, wani mawaƙi da ke aiki a ɗakin kusa, shi ya rera ta. Waƙar da faifan ya ci sunanta kuma tana farawa kamar daga tsohuwar rediyo, da shashsheƙar tasha, sai wata jitar ta shigo a fili kusa da kunnenka, tamkar wani na zaune a ɗaki yana bin abin da rediyon ke kaɗawa. Idan ka taɓa rasa wani wanda yana raye amma ba shi ba ne kuma, ba sai an fassara maka ita ba.

Animals, 1977

Wanda ya karanta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell, yana da makulli a hannu. Orwell da mulkin Tarayyar Sobiyat yake, Waters kuwa ya juya madubin kan Birtaniyar 'yan jari-hujja. Ya kasa mutane uku: karnuka masu cizon na kusa da su don su hau, aladu masu mulki da wa'azin ƙarya, tumaki masu bi ido rufe har mahauta. Faifan yana da kaushi, ba shi da rarrashin na baya, kuma waƙar karnukan kaɗai minti 17 ce. Ban ba da shawarar a fara da shi ba, amma jitar Gilmour a cikinsa tana cikin mafi kyawun aikinsa. Hoton bangon faifan tashar wutar lantarki ta Battersea ce da wani ƙaton balan-balan mai siffar alade a sama. A wajen ɗaukar hoton igiyar ta tsinke, balan-balan ɗin ya tashi ya hana jirage zirga-zirga a filin jirgin Heathrow na Landan, ya je ya sauka a wata gona a Kent.

The Wall, 1979

Wannan sai ka ware masa dare guda, don ya haura minti 80, kuma labari ne mai farko da ƙarshe. A wani wasa a Montreal ta Kanada a 1977, Waters ya fusata har ya tofa wa wani ɗan kallo yawu. Abin ya dame shi, ya fara tunanin katangar da ta shiga tsakaninsa da mutane. Daga nan ya ƙirƙiri wani mawaƙi mai suna Pink: uba ya mutu a yaƙi, uwa ta kankane shi, malamai sun wulaƙanta shi, aure ya mutu. Kowace cuta tubali ce, har katangar ta rufe shi.

A nan dole ka bi baitoci tun ji na farko, kana lura da wanda ke magana a kowace waƙa, domin uwa tana magana, malami yana magana, likita da alƙali ma haka. "Comfortably Numb" misali ce mai kyau. Muryar Waters ita ce likitan da aka kawo ya yi wa Pink allura don ya iya hawa dandamali, muryar Gilmour ita ce Pink yana amsawa daga nesa, yana tuna zazzaɓin ƙuruciya. Jita tana shigowa sau biyu. Ta farko mai haske ce, ta biyu mai duhu da fushi. Saurare su a jere ka ji bambancin, labarin mutumin gaba ɗaya yana tsakaninsu.

Waƙar da ta fi shahara a faifan, "Another Brick in the Wall, Part 2", wadda yaran makarantar Islington Green suka yi wa amshi, an sha yi mata mummunar fahimta. Ba ilimi take zagi ba. Da malamin da ke muzanta yaro a gaban aji take, wanda ke huce haushin gidansa a kan ɗalibai. Yara a Afirka ta Kudu sun gane haka sarai: sun riƙa rera ta lokacin ƙaurace wa makarantu don nuna ƙin ilimin wariyar launin fata, gwamnati ta haramta ta a 1980.

An yi fim ɗin wannan labari a 1982. Akwai tsiraici da zubar da jini a ciki, ba na kallo da yara ba ne, kuma gara ka san faifan sosai kafin hotunan wani su maye gurbin naka. Haka nan akwai ashar jefi-jefi a wasu waƙoƙin Animals da The Wall.

Bayan waɗannan huɗun

Waters ya fice a 1985, aka yi rigima har kotu a kan sunan ƙungiyar. Gilmour da Mason suka ci gaba, Wright ya dawo, suka fitar da faya-fayai a 1987 da 1994. Masoya na ta gardama a kan wane ɓangare ne Pink Floyd na gaskiya. A ganina baitocin sun rage kaifi bayan tafiyar Waters, shi ma kuma kiɗansa ya rage daɗi ba tare da su ba, amma The Division Bell na 1994 ya cancanci zama guda. Su huɗun sun sake hawa dandamali tare sau ɗaya tak, a wasan Live 8 a dandalin Hyde Park na Landan a watan Yulin 2005. Syd ya rasu a 2006, Wright a 2008.

Kafin ka je can, koma baya tukuna. Nemi Meddle na 1971 ka saurari "Echoes", minti 23, a nan ne suka fara gano muryar da ka riga ka sani. Sannan ka kalli fim ɗin wasan da suka yi a kangon tsohon filin wasa na Pompeii a Italiya a 1971, babu ɗan kallo ko ɗaya, za ka ga hannayen da ke fitar da sautukan da ka koyi rarrabewa. Faifan 1967, The Piper at the Gates of Dawn, shi za ka bari ƙarshe. Waƙoƙinsa gajeru ne galibi, cike da tatsuniya da wasan yara da ɗan abin tsoro, ba su yi kama da sauran ba ko kaɗan, kuma shi kaɗai ne faifan da Syd ya jagoranta daga farko har ƙarshe.